Shekarar da Mushe Ya Ƙi Kashe Arzika

Ku ƴaƴana, akwai maganar da na daɗe ina haɗiyewa, yau zan amayar da ita in huta. Kun tashi kuna jin ana cewa wasan babanku, Bakin Rumbu, wasa ne mai daɗi amma gurgu: an fara soyayya a bakin rijiya, saurayi ya kora shanu ya yi kudu, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba har a watse. Kun kuma sha jin kawunku Illiya, Allah ya jiƙansa, yana faɗa a kowane taron suna cewa kishi ne ya hana babanku ƙarasawa, wai don ni na fito a budurwar, ba zai iya kallon wani ƙato yana yi mini waƙar aure ba. Illiya dai bakinsa ba ya da marfi, babanku kuwa dariya kawai yake yi ya ci gaba da cin goronsa. Amma da sallar bara, da ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko, suka sake yin wasan, na ji Hadiza mai karatun jami'a tana yi wa mijinta bayani cewa lallai Baba gajiya ya yi a tsakiya. To Hadiza, ba gajiya ba ce, ba kuma kishi ba ne. A lokacin da aka shirya wasan ko gaisuwa mai tsawo ba ta taɓa haɗa ni da babanku ba.

Ina ƴar yarinya mai goyon ƙane aka ce nasara sun tafi, ƙasa ta zama tamu. Ban gane kome ba a ciki sai kiɗan da aka wuni ana yi a ƙofar kumandan, babban jami'in gwamnati na garinmu. Da na isa aure, wanda nake so shi aka ba ni, sunansa Arzika, ɗa guda ga wata tsohuwa mai sayar da fura a bakin kasuwar Filinge, Inna Gambi. Ubansa ya rasu ya bar masa jajayen shanu masu kyau. An kai goro gidanmu, an yi baiko, saura sa rana, sai ruwa ya ɗauke. Damina ta zo gero ya fito ya bushe a tsaye, wata ta zo ko fitowa bai yi ba. Muka koma cin anza, wannan ɗan itace mai ɗaci da sai an jiƙa an zubar, an jiƙa an zubar, kafin ya shiga baki. Na tona gidan tururuwa da hannuna don ƴan ƙwayoyin da suka tara. Shanu suka fara kwanciya ba su tashi, samari suka haɗa waɗanda suka rage suka ce za su yi kudu da su neman ciyawa.

Ranar tafiyarsu ina bakin rijiya. Arzika ya tsaya, ya ce in ba shi ruwa. Na cika ƙwarya na miƙa masa, ya sha rabi ya mayar mini.

“Aje mini sauran,” in ji shi.

Iyakar maganarmu ke nan, don akwai mutane, kuma mu a zamaninmu ba a surutun soyayya a bainar jama'a kamar yadda kuke yi yanzu a waya. Ya bi shanunsa, ni na ɗauki tuluna.

Abokan tafiyarsa suka yi ta dawowa ɗaya ɗaya, babu shanu, wasu ko takalmi babu. Wani ya ce sun rabu da shi a mashigin wani gulbi. Wani ya ce ya hango mai kama da shi a wata kasuwa a Najeriya. Wanda ya ce ya ga gawarsa kuwa babu. A ƙasarmu ta Kurfai, mutumin da ba a ga wanda ya rufe shi ba, ba a yi masa zaman makoki, ba a yi masa sadaka, ba a cewa Allah ya jiƙansa. Kowa yana iya yin tunaninsa a ciki, amma muddin ba a furta a gaban jama'a ba, mai rai ne. Inna Gambi ta riƙe wannan da hannu biyu. Wani dattijo ya taɓa yin kuskuren ce mata ta yi haƙuri da hukuncin Allah, ta raka shi har waje da muciya a hannu. Kullum in ta tuƙa tuwo sai ta kwashe na Arzika a akushi ta rufe, da safe ta ba ƴaƴan maƙwabta. Ni kuma ga ni nan, ba amarya ba, ba mai takaba ba. Babu saurayin da zai yi sallama a ƙofarmu, don wa zai nemi matar mai rai? In na hango Inna Gambi a hanya sai in ratse, kunyar suruka.

Allah ya kawo ruwa, sojoji suka karɓi mulki, aka tada samariya, wato ƙungiyar samari da ƴan mata ta kowace unguwa. Aka ce kowane gari ya shirya teyatur, wasan kwaikwayo mai kiɗa da waƙa, za a yi gasa, wanda ya ci a kai shi Yamai. A shekarar ce aka turo mana sabon malamin lakwal daga wajen Dogon Dutsi, siriri, dogo, da gurumi rataye a kafaɗa. Babanku ke nan. Kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malaman lakwal a wajenmu, ni ma har ya koma ga Allah ban kira shi da wani suna ba. Shi aka ɗora a kan wasan. Babanmu ya bar ni in shiga don yayana Illiya yana ciki, kuma gari ya san ina da murya.

Mushe ba ya rubuta wasa ya ba mutum ya haddace. Bayan la'asar zai tara mu a inuwar ganga (haka muke ce wa wata babbar bishiya da ke bayan lakwal, don a nan makaɗa ke zama), ya tambayi kowa abin da ya gani a shekarun yunwa, ya ce a tashi a yi. Abin da ya yi kyau ya riƙe, ya ɗora masa waƙa. Da haka aka sami waƙar matan da ke jiƙa anza, da ta dattijon da ke ƙwanƙwasa rumbu yana sauraro, da ta layin karɓar jar dawar taimako, wadda take sa mutane dariya har da hawaye. Wata rana ya ce akwai abin da ya rage, ba a nuna samarin da suka tafi da shanu ba. A yi ban kwana a bakin rijiya, saurayi da budurwa. Ya duba ya duba, ya nuna wani ɗan maƙera, ya nuna ni.

Kowa ya sunkuyar da kai. Shi baƙo ne, bai san kome ba, ya ɗauka kunyar ƴan mata ce kawai. Babu kuma mai iya faɗa masa a gabana. Ni ma da na ce a'a, da sai an tambayi dalili. Na tashi, na ɗauki ƙwaryar da muke shan ruwa, na ce wa ɗan maƙera a hankali ya sha rabi ya mayar mini, na gaya masa abin da zai ce. Ban san wani ban kwana ba sai wannan. Da muka gama, Mushe ya juyo ya dube ni.

“Rakiya, ina kika samo wanga?” in ji shi.

“Haka dai ya zo mini, Mushe.”

“Kar a ƙara mishi kome. Shi ya hi duk abin da munka yi.”

Washegari ya zo da ƴar waƙa gajeruwa da zan yi bayan saurayin ya juya: ƙwarya na hannuna, ruwa bai ƙare ba, mai shanu ya yi kudu, sawu ya ɓace. Daga nan wasa ya ci gaba da labarin gari har ruwa ya sauka a ƙarshe, kowa ya ɗauki hauya ana waƙar noma. Budurwa tana cikin masu noman, saurayi babu labari.

Ana saura kaɗan a yi gasa, aka turo wani mutum daga Yamai yana zagaya garuruwa yana duba shirin kowa. Kada ku ɗauka mugun mutum ne ko mai girman kai. Mutumin kirki ne, ya san aikinsa, kuma da idona na ga ya share hawaye a waƙar anza. Da muka ƙare ya kira Mushe gabanmu duka.

“Ban ga irin wannan ba duk inda na bi,” in ji shi. “Amma akwai rami a tsakiya. Ka sa mun so yaran nan biyu, sannan ka watsar da su. Mai kallo zai yi ta jiran saurayin, ba zai ji sauran waƙoƙinka ba. Ko ya dawo a yi biki, ko labarin mutuwarsa ya zo ta yi kuka. Da muryar yarinyar nan, in ta yi waƙar mutuwa, babu alƙalin da zai iya riƙe kansa.”

Ya kuma gaya masa cewa gidan rediyo na neman mutum irinsa, in wasan ya ci, ya sa a ransa ya bar alli da ƙurar aji. Ku da kuka san babanku da furfura ba za ku gane yadda yake son wannan abu ba. Tun yana yaro burinsa ke nan, a ji guruminsa a rediyo a ƙauyensu.

Ya zaɓi mutuwa, don ya ce ita ce gaskiya, da yawa ba su dawo ba. Ya yi waƙar kuka, kuma ina gaya muku, duk waƙoƙin da ya yi a duniya babu kamarta. Ya rera mini ita a inuwar bishiyar nan, ya ce in karɓa. Na buɗe baki, ko tari bai fito ba. Ya sake, na sake buɗewa, shiru. Sai Illiya ya miƙe ya ja shi gefe. Ba su yi nisa ba, ina jin su.

“Don mi ba wanda ya hwaɗa mini?” in ji Mushe.

“Wa zai hwaɗa? A gabanta?”

“Ai sunan saurayin wasa daban yake.”

“Mushe, ko Bature ka sa mishi, duk Filinge ta san ƙwaryar nan. In ka kashe shi gaban kumandan da sarki da jama'ar gari, an furta ke nan. Gobe da sahe mata za su yafa mayafi su tahi gidan Inna Gambi gaisuwar mutuwa.”

“In ya dawo hwa, a yi biki?”

“Sai ta zauna ta ga ɗan wani ya dawo, ta koma ta buɗe ɗaki ba kowa.”

Ƙungiya ta rabu biyu. Da yawa ba su taɓa ganin Yamai ba, sun riga sun ɗinka kaya a zuci. Suka ce wasa wasa ne, tsohuwa ta yi haƙuri, ko kuma a canza ni a sa wata. Amma canza ni ba zai canza kome ba, tunda yara sun riga sun kai waƙar ƙwarya kowane gida. Ni kuma in gaya muku abin da ke raina: rabina yana so a kashe shi. Ina son Arzika, Allah ya sani, amma na gaji. Ƙawayena duk da goyo, ni ina daka a gidanmu ina jiran mutumin da ban san ko yana shan iska ba. Na san in aka furta, na sami kaina. Rabina kuma in ya tuna tsohuwar nan sai ya ce a'a. Ba a dai tambaye ni ba.

Mushe ya tafi gidan Inna Gambi shi kaɗai. Ban san abin da ya faru ba sai bayan shekaru, ina goyon Hadiza, ya ba ni labari. Ya same ta tana cura fura. Ya gaida ta, ya fara kewaye-kewaye, ta katse shi, don duk abin da ake yi a bayan lakwal yana isa kasuwa kafin magariba.

“Kai ne mai kashe mutane da gurumi?” in ji ta.

“Inna, shawara na zo.”

“Ban hana ka ba, wasanka ne. Amma in Allah ya ɗauki ɗana, zai aiko mini da wanda ya gani. Kai ka gani?”

“Ban gani ba, Inna.”

“To.”

Ta dama masa fura, ya sha, ya fito. Ya ce tun daga ƙofarta har lakwal yana neman hanyar da zai bi ya ci gasa ba tare da ya yi shaidar abin da bai gani ba, bai samu ba. Washegari ya tara mu ya ce wasa zai tafi yadda yake, ba biki, ba mutuwa. Aka yi masa ca. Mutumin Yamai, da ya biyo ta kan hanyarsa ta komawa, ya saurari dalili har ƙarshe, ya jinjina kai.

“Na gane. Amma alƙalai ba ƴan Filinge ba ne. Ramin yana nan.”

“Shina nan,” in ji Mushe.

“Za ka faɗi.”

“Na sani.”

Muka yi wasa a gari kafin mu tafi. Inna Gambi ta zo da ƴar tabarmarta ta zauna a gaba, abin da ba ta taɓa yi ba. Na miƙa ƙwarya, na yi waƙata. Ban dube ta ba, amma waɗanda ke kusa da ita sun ce ko ƙifta ido ba ta yi ba. Da aka watse ta naɗe tabarmarta ta koma gida, washegari ta fito da furarta kamar kullum, babu wanda ya je mata gaisuwa.

Gasa kuwa mun faɗi. Wani gari da ya rufe wasansa da biki da guɗa shi ya ci, alƙalai kuma suka faɗi abin da mutumin Yamai ya faɗa, kusan kalma da kalma. A cikin motar dawowa babu mai yi wa Mushe magana. Wasu daga cikin samarin sun daɗe ba su gaishe shi ba. Rediyo ta ɗauki wani, shi kuma da hutu ya ƙare aka mayar da shi lakwal ɗin ƙauyen Sanam, aji na zana da kara. Bai ƙara samun irin wannan dama ba, da alli a hannu ya tsufa. Ban taɓa jin ya yi da-na-sani ba, amma na sha ganinsa in ana waƙa a rediyo yana buga yatsa a gwiwa, sai in tashi in shiga ɗaki. Waƙar kukan nan kuwa ba a ƙara rera ta a gaban kowa ba. Har yau tana kaina, kuma kar wanda ya roƙe ni.

To Hadiza, da ke da mutumin Yamai kun yi gaskiya, wasan yana ɗingishi. Baƙo in ya kalla sai ya yi ta waige yana jiran saurayi. Ba zan ce muku ramin ya ƙara masa kyau ba, don da an sa waƙar nan da ya fi haka nesa ba kusa ba. Abin da na lura da shi kawai, daga Damana har Abala, duk inda aka yi shi a wancan zamani ban taɓa jin tsoho ko tsohuwa sun tambayi ina saurayin ya shiga ba. Kusan kowane gida akwai wanda labarinsa ya tsaya a daidai nan. Ni dai na gode wa Allah da ya kawo mana baƙon da ya yarda ya faɗi, na kuma gode wa babanku, ko da yake ban iya gaya masa da baki ba yana raye, don mu ba mu saba ba.

Bayan an yi girbi, wata ranar hantsi ina surfe, sai na ji sallamar Inna Gambi a gidanmu. Na saki taɓarya na ɓuya bayan zana. Suka gaisa da innarmu, suka gaisa, suka ƙara gaisawa, sannan ta ce a kira ni. Na fito na durƙusa nesa, kaina a ƙasa.

“Ɗana shina da rai,” in ji ta. “Amma ba ni ƙara riƙe ɗiyar mutane. Ran da ya dawo, ni za ni ba shi haƙuri. Mushen nan, ku ba shi ita.”

Innarmu ta ce, “Yaya Gambi, ai bai tambaya ba.”

“Ba shi tambaya. Mutumin da ya ƙi kashe yaro cikin wasa, shi zai zo neman matatai? Ku aika Sanam.”

Illiya aka aika. Ya dawo yana cewa bai taɓa ganin mutum ya amsa da sauri haka ba, har ya manta bai ba baƙo ruwa ba.

Ranar sa lalle, dangin Mushe suna nesa, ana shawarar wadda za ta tsaya a madadinsu, sai ga Inna Gambi da ƙwarya a rufe da faifai. Mata suka dubi juna. Innarmu ta tashi ta tare ta, ta ce mata da ta huta, wannan nauyi ya yi mata yawa. Ta zauna a gabana ta buɗe ƙwaryar, lalle ne kore shar, ta daka ta kwaɓa da kanta. Wata maƙwabciyarta ta raɗa mini cewa na bayan ɗakinta ne, wanda ta dasa shekarar da aka kai goro gidanmu, ta yi ta ba shi ruwan alwalarta duk tsawon fari har ya rayu. Da na ji haka kuka ya ƙwace mini, na janye ƙafata cikin zane.

“Inna, wanga na bikin Arzika ne,” na ce. Ita ce magana ta farko da na taɓa yi mata.

Ta dube ni, ta ɗebo lalle a yatsunta.

“Don ke na dasa shi tun farko. Miƙo ƙahwa.”